Rasuwar Jan Biron Sharfaddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Malam Sharfaddeen Haruna Ajingi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar jan bironsa, wanda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da hantsi, a ajin koyon rubuta labari da ake yi a Gaya.

An samo marigayin a kasuwar Ajingi wata bakwai da suka wuce, makon da Malam Baffa mai koyar da ajin ya ce a riƙa musayar takardu, kowa ya duba aikin ɗan'uwansa. Tun daga ranar bai huta ba. Shi ya kewaye Larabcin da Mudassir ke cusa wa manoman labarinsa a baki har su koma limamai. Shi ya soke Turancin Adama, layi bayan layi. Duk wanda ya zauna kusa ya san muryarsa: ƙarrr, ɗan shiru, sai ƙarrr.

Ciwon ajalin ya faro ne daga Hindatu 'yar garin Balan, wadda ta shigo ajin ba ta san inda ake sa aya ba. A kan takardunta marigayin ya yi ƙiba. To, maimakon ta yi fushi kamar kowa, sai ta riƙa godiya tana gyarawa, abincinsa yana ta raguwa. Ranar Asabar ta kawo shafi huɗu a kan wata tsohuwa mai ɓarar gyaɗa, gajerun jimloli ba ado, amma da aka karanta a aji, sai da Malam Baffa ya cire tabarau yana goge ido. Marigayin ya bi shafukan sau uku bai sami abin taɓawa ba. Da aka matsa masa ya ja layi ko a kan banza ne, sai ya ƙi. An girgiza, an hura, an murza a tafin hannu, an goga a ƙasan takalmi. Shiru.

Sharfaddeen bai ɓoye ba, hassada na cin sa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ke ƙona masa rai shi ne, da hannunsa ya yi ta dakon takin.

Marigayin ya bar marfi ɗaya da haƙori ya tauna, da ƙaninsa shuɗin biro da aka sayo rana ɗaya da shi. Ƙanin yana nan cike da tawada, domin a wata bakwai taken labari ɗaya ya rubuta da layi biyu.

Za a yi jana'iza a bayan aji, gindin darbejiya, Asabar mai zuwa da ƙarfe goma. Babu zaman makoki, domin ranar ce layi ya zo kan Sharfaddeen ya kawo nasa labarin, kuma bai fara ba. Hindatu ce za ta duba. An ga ta sayi jan biro sabo fil.