Maƙerin da Wuta ta Kora Kogi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wuta ta kore ni, ni ɗan maƙera jikan maƙera. A gidanmu na Haɗejiya da hannu muke ɗaukar garwashi, in gobara ta tashi a unguwa mu ake kira. Maƙeri ya guji wuta? Ai gara a ce ya yi sata.

Bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ne tarkacen jiragen saman Turawa ya fara isowa kasuwarmu daga Kano. Sanholo ne, farin ƙarfe marar nauyi, mu narka shi mu zuba tukwane. Sai na tsinci wani guntu da aka ce daga ƙafar jirgi ya fito, ya fi sanholon ma sauƙi, kamar sakaina. Na ce ni zan fara zuba tukunyar da tsohuwa za ta ɗaga da yatsa. Har na gayyato Malam Bukar, masuncin Auyo da nake neman 'yarsa, don ya ga irin surukin da Allah ya ba shi. (Rawar kai ce, na ɗauka basira ce.)

Na farfasa guntun, na zuba a wuta, na kama zuga. Sai wani farin haske ya tashi, mai kashe ido. Na tofa duk abin da Baba ya koya mini, ko gezau. Na kwara ruwa, ai kamar na zuba mai! Wutar ta yi ƙara, ta cafke rumfa. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai ga ni tsundum cikin kogi, ruwa iya wuya. Baba da baƙona, tsofaffi biyu, su suka binne ta da yashi.

Malam Bukar ya zo bakin ruwa ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Fito, ɗana. In sana'ar su kake sha'awa, ai sai ka faɗa, ina da koma."

Daga baya wani makanike ya ce mini ƙarfen nan maganiziyam ne, shi kansa yana ci da wuta, ruwa kuwa ƙara masa ƙarfi yake.

An ba ni matar, amma har Malam Bukar ya rasu bai sake kirana maƙeri ba, kuma abin yana min ciwo har yau. Na dai koyi cewa wutar da ta zo a jirgi ba ta jin Hausa. In kuma za ka gwada sabon abu, kada ka gayyato suruki.