Ranar da Aka Tabbatar Kaka Mutum Ne

"…da gajiya kuma? Ya ƙarfin jiki, in akwai sauransa?"

"Sauran da ya rage ya fi naki, sarauniyar barci. Shigo, kada ki zubar mini da gwangwanin noti."

Jikar ta tsallake tayoyi ta zauna kan benci. A wurin aikinta ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai take yi, amma da ta shigo shagon kakanta sai bakin ya buɗe. Tsohon gyaran kekuna yake yi yana sayarwa, ita ce kuma ta buɗe masa shafin intanet da hotunansu. Yau tun safe shafin ya ƙi buɗewa. Ga shi shugabar wata makaranta ta ce da rana za ta duba hotunan kafin ta zaɓi wanda zai kawo wa ɗalibanta kekuna. In ba ta gani ba, wani za ta ba.

"Na kira kamfanin nan naki, masu ba shafi masauki," in ji shi. "Da can wani bawan Allah ke ɗauka, har mu gaisa. Yau wata murya ce ta ce wai in shiga ƙofar yi-da-kanka. A ina aka taɓa mai masaukin da zai ce wa baƙo ga rijiya ga guga?"

"Ci gaba ke nan, tsoho."

"Na mai haƙan rijiya ba."

"Miƙo wayar in yi maka."

"In miƙo, ki zagaye dangi kina cewa angonki ya kasa? Da kaina suka ce, da kaina zan yi."

"Angon da haƙoransa suka riga shi ritaya."

Ya ɗora tabarau, ta nuna masa inda zai shiga. Sai ga wani ɗan akwati da rubutu a gefensa. Ya karanta a hankali.

"'Ni ba mutum-mutumi ba ne.' Wa ya ce ni shi ne?"

"Ƙila sun ga hotonka. Ka lura ko tsuntsu ba ya sauka a ƙofar shagon nan?"

"Ranar da kike zuwa ne kawai. Ni da na haifi uwarki, inji zai tambaye ni ko ni mutum ne?"

Ya dangwala akwatin da ƙarfi kamar zai huda gilashin. Hotuna suka fito a jere, aka ce ya zaɓi duk inda akwai keke. Tsoho ya gyara zama.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama! Yau za su san gidan wa suka zo."

Ya zaɓi guda, ya tura. Aka ce bai yi daidai ba.

"Me ya sa ka bar na kusurwa?"

"Wancan? Ba sarƙa, ba birki, sirdi a tsage. Wannan gawa ce, ba keke ba."

"Kai ma ai duk babu su, kuma ana ce maka Kaka."

Wasu hotunan suka fito. Wannan karon ya bar biyu, domin tayar baya kaɗai aka nuna. Aka sake cewa bai yi daidai ba.

"Rabin keke ba keke ba ne. Ke rabin digiri aka ba ki?"

"Na'ura ta faɗi gaskiya. Dama na daɗe ina zargi. Yanzu a gonar wa za mu kafa ka?"

Tana cikin dariya jan rubutu ya fito: in aka sake kuskure, za a kulle ƙofar sai gobe. Ta daina dariya. Ta dubi agogon bango, ta dubi kekunan da ke jere, kowanne ya sha fenti da mai. Ta san tun yaushe tsohon yake durƙushe a kansu. Roƙo ba ya cin kakanta, wannan ta sani. Sai ta miƙe tana kaɗe mayafi.

"Bar shi kawai. Zan ce wa shugabar ta je shagon tsallaken titi. Shi ko baro ka nuna masa zai rantse keke ne, nan take za a buɗe masa."

"Wa? Mai ɗaure birki da igiya? 'Ya'yan mutane za a ɗora a kan aikinsa?"

"To, ai shi an yarda mutum ne."

Tsoho ya yi ƙwafa. Ya kawar da kai gefe kamar mai shan magani, ya fara dangwalawa: mai karyayyen ƙarfe, mai taya ɗaya, har da wani da ciyawa ta tsiro a cikinsa.

"Keke. Keke. Allah na tuba, wannan ma keke."

Ƙofa ta buɗe. Ta nuna masa maɓallin sake kunna shafi, ya danna. Can sai ga kekunansa sun bayyana ɗaya bayan ɗaya, suna ƙyalli.

"Barka, ango! Yau hukuma ta tabbatar da kai. Sai a yi walima."

Ya cire tabarau yana dariya har da tari. Ya laluba aljihun tebur ya ciro sabuwar ƙararrawar keke ya cilla mata a cinya.

"Ungo toshiyar baki, kada dangi su ji. Kin ci, 'yar nema. Tun kan a haifi uwarki nake faɗa wa mutane gaskiyar kekensu, ba wanda ya ba ni shaida. Ashe sai na yi ƙarya za a yarda ni mutum ne."