Darar da Na Ce Shan Fura Ce

Bayan na ajiye aikin magatakardan alƙali, na dawo Illela da sunan gwanin dara, ina kuma ji da sunan. Wata ranar kasuwa, gaban dattawan gari, wani makiyayi daga Araba ya jera tsakuwa da karare cikin ramukan dara.

Ya ce, "Malam, matsawa uku a kulle abokin wasa. Mi za ka kira wahalarta?"

Na gyara rawani, na ce, "Shan fura ce."

Kwana uku ina tsugune a kanta, har gwiwoyina suka sage. Daga bisani makiyayin ya tura tsakuwa sau uku da bakin sandarsa, ko sunkuyawa bai yi ba.

Shekara goma ke nan, na gaji da sauya hanya. Duk mai furar da ta hango ni sai ta ce, "Baba Malam, an shanye kuwa?"