Ranar da Na Yi wa Surukina Gwalo

Ko zan manta komai na karatun digirina na biyu, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa surukina gwalo ba. Eh, gwalo, irin wanda ake zane yara a kansa.

Lokacin ina koyon aikin gyaran magana, wato taimakon masu in'ina, da yaran da bakinsu ya yi nauyi, da manyan da ciwo ya ɗauke wa magana. An tura mu horo asibitoci, ni na roƙa aka bar ni a garinmu Kankia. Karatu ya hau mini kai sosai. Ko mai ƙosai ce ta gaishe ni, sai na tsaya ina nazarin yadda take motsa leɓe.

A daidai nan aka sa mana rana da Bashir, ɗan garin Kusada. Mahaifinsa, Malam, dattijo ne mai makarantar Islamiyya. Ƙanwar Malam kuwa, Gwaggo Indo, tun farko ba ta yi na'am da ni ba. A cewarta, 'yar bokon da ke neman digiri har biyu idonta a tsakar ka yake, ba ta san kunya ba. Kuma a gidan nan, in Gwaggo ta ce a'a, magana ta ƙare. Na ci alwashin sai ta janye wannan magana da bakinta.

Ana haka Malam ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Da aka sallamo shi, Bashir ya roƙe ni in je in duba shi. Malamarmu ta yarda in gwada shi in kawo mata bayani. Ummata ta ce, "Lalura ce, je ki. Amma ki kama kanki, gidan surukai ne."

Na zumbula hijabi har ƙasa (ana tsakiyar bazara fa), na shiga sumui-sumui, na durƙusa na gai da kowa da wata 'yar murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Bashir ya kai ni ɗakin Malam, ya koma zaure wajen 'yan dubiya.

Gwajin farko shi ne a ga ko harshe yana motsi. Kaina a sunkuye na ce, "Baba, a ɗan fito da harshe." Ya kalle ni kawai. Na maimaita, shiru. Sai na tuna abin da malamarmu take nanata mana: wanda ciwo ya hana shi gane magana, nuna masa ake yi. Na kalli ƙofa, ba kowa. Na ce wa kaina, ke, aiki ne. Na matsa gabansa, na zare ido, na zazzago harshe har haɓa, har da cewa "aaa".

Labule ya ɗaga. Gwaggo Indo ce da kwanon kunu, maƙwabta biyu na bayanta.

"La'ilaha illallahu! Mi nike gani? Ke ɗiyar nan, Malam kike ma gwalo? Don kin ga ya kwanta?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Gwa-Gwaggo, a-ai gwa-gwaji ne." Kun ji mai gyaran in'ina.

Tana cikin faɗa, Malam ya juya kai a hankali wajen hayaniyar. Ashe sai yanzu saƙona ya isa. Ya buɗe baki, ya fito da harshe, saitin fuskar Gwaggo.

A nan ne fa na ƙarasa kashe kaina. Daɗi ya kama ni, na manta hijabi, na manta aure, na tafa hannu na ce, "Yawwa Baba! Haka nan! Ƙara mata!"

"Kun gani ko?" in ji Gwaggo. "Ta koya mashi!"

Sai muka ga kafaɗun Malam suna rawa. Dariya yake, da rabin baki, har da ƙwalla. Bashir ya shigo da gudu yana bayani, amma Gwaggo ba ta ma saurare shi ba. Ta ajiye kunun, ta zauna bakin tabarma tana kallon yayanta, ta share ido da gefen gyale.

"Tun da ya kwanta ban ga haƙoranshi ba," ta ce. Ta harare ni. "Gobe ki dawo. Amma ki hwaɗa mashi ya daina saita ni."

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Malam yana magana yanzu, a hankali, har yana biya wa ɗalibai karatu. Gwaggo ba ta janye maganarta ba. Duk taron biki hannuna take riƙewa tana nuna ni: "Ga ta nan, mai gwalon Malam. Ba kunya, amma akwai albarka." Na haƙura da rabin nasara, kuma wallahi ta ishe ni.

Tun daga ranar, kafin in fito da harshe a gaban kowane dattijo, sai na tara 'yan gidan na yi musu bayani. Sannan in tambaya ko akwai wata gwaggo da ta tafi dama kunu.