Hajjin Badamasi Mai Faci

Badamasi mai faci ya kai shekara ashirin yana jin haushin abu ɗaya: ƙanensa Alhaji ne, shi kuwa har yau "Bada" ake ce masa, har yaran unguwa. To rannan a Islamiyyar manya da yake zuwa ranar Asabar da safe, sai malaminsu ya zo da wani gilashi mai kama da akwati, wanda in ka kifa shi a fuska sai ka ga kanka a wani wuri daban. Ya ce da shi za a yi darasin aikin Hajji. Ana kifa wa Badamasi, sai ga shi tsaye a gaban Ka'aba. Bawan Allah ya fashe da kuka, kuka na gaske har da majina. Ya ɗaga hannu ya kama ɗawafi, ya zagaye teburin malam sau bakwai cif, ya yi ƙwallo da buta biyu, ya take ƙafar ladan. Da aka cire masa gilashin, sai ya bi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa, yana dariya hawaye na zuba, yana ce musu ya yi wa kowa addu'a a can.

Ko wurin facinsa bai leƙa ba. Ya biya ta majalisa, ya gayyaci mutum shida cin abincin rana, wai walimar dawowa. Yana shiga gida ya sanar da matarsa Sahura cewa daga yau Alhaji ne, duk wanda ya ce Bada ba zai amsa ba, kuma a yanka zakaran nan na tsakar gida, baƙi na tafe.

Sahura ta saurari labarin tsaf, ba ta ko yi murmushi ba. Ta yi masa barka da sauka, sannan ta miƙa hannu.

"To Alhaji, ina tsarabata? Ko ɗan dabino da zamzam?"

Ya ce, "Haba Sahura, ai na sayo miki, har da dogayen riguna uku. Suna can cikin gilashin malam."

Ta ce madalla, Allah ya ƙara buɗi.

Bayan azahar baƙi suka cika zaure, kowa na "Alhaji, an sauka lafiya?", shi kuma sai washe baki yake yana gyara hula. Aka shigo da babban kwano a rufe, har da ɗan ƙyalle mai ado a kai. Badamasi ya yi bisimilla ya ɗaga murfi. Wayam, ko ƙashi babu. Daidai lokacin zakaran ya yi cara daga tsakar gida.

Kunya ta kama shi kamar ya nutse. Ya ruga bakin ƙofa, ya rage murya: "Sahura, za ki kashe ni a gaban mutane? Ina naman?"

Daga cikin ɗaki ta amsa, yadda duk zauren zai ji: "Yana ciki, Alhaji, har da romo. A aika wurin malam a aro gilashin."