Wa Zai Yi wa Jumare Bayanin Baka Biyu?

Zuwa ga masu girma, masu daraja, shugabannin Majalisar Ƙoli ta Masu Haifar Harsunan Kwamfuta, a duk ƙasar da ofishinku yake a wannan makon.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga manya, ina fatan kuna lafiya, ku da sababbin harsunan da kuka haifa daga safiyar yau zuwa yanzu. Sunana Mahfuz Mijinyawa. Ina koyar da rubuta manhaja a wata ƙaramar cibiya da ke Gangaren Tudu, nan Keffi, tun gashin kaina yana baƙi. Ina neman izinin ajiye 'yan koke-koke a gaban takalmanku.

Na ɗaya. Fortran aka fara koya mana, da alli a kan allo, domin kwamfutar makarantarmu tana ofishin shugaba, an lulluɓe ta da zane kada idon ɗalibi ya lalata ta. Ranar da na karɓi takardar kammalawa aka shaida mini cewa Fortran ya tsufa. Na koma Pascal, aka ce wannan na masu koyo ne. Na kama C da hannu biyu, sai kuka liƙa masa alamar tarawa guda biyu, kuka ce ai wani harshe ne daban. Ranku ya daɗe, shin akwai ma'aikacin da kuka ɗauka musamman don ya riƙa leƙen ranar da zan ƙware? In akwai shi, a ƙara masa girma, bai taɓa makara ba.

Na biyu. Ɗalibata Lea daga Garaku take shigowa a mota kullum. Ta kusa faɗuwa jarrabawa saboda waƙafi mai ruwa guda ɗaya da ta manta a ƙarshen layi. Kwamfutar ta ƙi aiki, ta kuma ɗora laifin a kan layin da ba ruwansa. Da kukan irin su Lea ya kai kunnenku, kuka ji tausayi, kuka kawo Python wanda bai damu da waƙafin ba. Mun gode. Yanzu kuskuren ya koma cikin farin filin da ke farkon layi, inda babu idon da ke ganinsa.

Na uku, maganar suna. Java da JavaScript ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ko unguwa ba su haɗa ba. Wane ne ya raɗa musu suna, kuma me ya sha a ranar? Ɗaya, wato Python, kun kira shi mesa, wani kun kira shi tsatsa. Ni ne na sha tambaya a wurin mahaifin ɗalibata Nasiha, wanda ya rufe shagonsa ya zo ya ji dalilin da 'yarsa take cewa ta fara iya sarrafa mesa. A kasuwar Keffi ana ciniki da harshen Gwandara, da Mada, da Eggon, da Alago, da Fulatanci. Ban taɓa jin an fitar da sabon bugun Gwandara an ce gaisuwar tsofaffi ta daina aiki ba.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani makiyayi, Jumare, da rugarsa take wajen Panda. Shekarun baya na rubuta masa shi da maƙwabtansa 'yar manhaja da ke tura saƙo zuwa wayarsu idan likitan dabbobi zai zo yin allurar rigakafin ciwon huhu. Da wani harshe naku na rubuta ta, wanda ba zan kama sunansa ba don kada ku canja shi kafin wasiƙar nan ta iso. Tana aiki lafiya lau, har mutanen ruga suka daina zuwa gari tambaya. Sai kuka fitar da sabon bugu, kwamfutar cibiyarmu ta karɓe shi da biyayya. A sabon bugun, umarnin da jiya yake daidai, yau sai an saka shi cikin baka biyu. Manhajar ta yi shiru, ba ta ko yi sallama ba. Likita ya zo ya tafi, garken Jumare yana daji. Da damina ciwon ya shigo, ya ɗauki shanun da matar Jumare take tatsa, har da karsanar da ya ba 'yarsa.

Jumare ya zo cibiya, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Na nuna masa layin, na nuna masa inda ya kamata baka biyun su zauna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ita na'urar ba ta gane abin da kake nufi ba ne, ko ta gane ta ƙi?"

Na gyara manhajar a ranar, kafin la'asar. Tambayarsa ce har yau ban amsa ba, don na ga ta fi ƙarfin matsayina.

Saboda haka ina roƙon alfarma, cikin ladabi, ku turo wakili ɗaya daga cikin masanan da suka yanke hukuncin cewa baka biyu sun fi kyan gani. Ya sauka a Keffi, ni zan raka shi har rugar. Ya zaɓi wanda ya ga dama cikin ɗaruruwan harsunanku ya yi wa Jumare bayani. Kada ya damu da masauki. Akwai fili wadatacce a garken, daidai inda shanun nan suke kwanciya a da.

Allah ya ja zamaninku, ya sa ya fi na harsunanku tsawo.

Naku mai biyayya, har zuwa bugu na gaba,

Mahfuz Mijinyawa
Gangaren Tudu, Keffi