Rasuwar Guntuwa, Amfilifayar Da Aka Kashe A Shagon Takalma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ke tafasa a ƙarƙashin baƙin cikin, mai yankan gilashi na layin bayan tasha, wanda kowa ya fi sani da Bakomai, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar amfilifayar jitarsa, wato na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, Guntuwa. Ta rasu ranar Talata da rana tsaka, a shagon takalma, nesa da ɗakinta, a hannun mutumin da bai nemi izinin ɗaukarta ba. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Wutar lantarki ma ba ta yi mata yawa ba, duk da cewa haka ake ta yaɗawa a gida. Za a zo kan wannan a hankali.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, akwati ce 'yar ƙarama ta katako, wadda nauyinta ya fi girmanta. A gabanta akwai sifika guda da aka rufe da yadi mai kauri, a samanta maɓallan murɗawa biyu kacal, na ƙara da na zaƙin murya. In ka leƙa bayanta za ka ga kwalabe uku na gilashi a tsaye, kamar ƙwayayen fitila, waɗanda ke yin ja sannu a hankali in an kunna ta. Ba a kamfani aka haife ta ba. Wani tsohon mai gyaran rediyo ne ya haɗa ta a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene. Shi ya fere katakon, shi ya liƙa kowace waya da dalma, shi ya naɗa taransifomarta da hannu, zare bayan zare na jan ƙarfe, a lokacin da hannun bai fara rawa ba. Ita ce ta ƙarshe da ya yi.

Bakomai ya haɗu da ita ne ranar da aka kira shi ya sa gilashi a kantar shagon tsohon. Yana gwada tsawo, idonsa yana kan akwatin. Tsohon ya lura, ya jawo wata tsohuwar jita daga bayan ƙofa ya miƙa masa, ya kunna Guntuwa, ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Suka tsaya su biyu suna kallon kwalaben har suka yi ja. Sannan ya ce ya taɓa. Bakomai ya taɓa zare ɗaya, sautin ya fito ya cika shagon, ya daɗe bai sauka ba, kuma a nan tsaye ya san cewa babur ɗinsa ya tafi. Masu kiɗan haya da yawa sun taya ta kafin shi, tsohon ya hana su, don duk wanda ya zo tambayarsa ta farko ita ce ko tana da ƙara. Bakomai bai tambayi komai ba. Ya sayar da babur ɗin, ya koma ɗaukar gilashi a motar haya, matarsa ta yi kwanaki tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

Ranar da ya je ɗaukarta, tsohon ya dafa akwatin ya ce, "Ɗana, ka bar ta ta ɗumama kafin ka taɓa ta. Wannan ladabi ne. Amma wanda zan faɗa maka yanzu, rai ne. Ko da wasa kada ka kunna ta babu sifika a jikinta. Ƙarfin da take fitarwa, in bai sami hanyar fita ba, kanta yake komawa ya cinye ta ta ciki."

"Na ji, Baba."

"Na san ka ji. Shi ya sa na ba ka na hana su."

Marigayiyar ta yi zama lafiya da kowa. Ba ta da gaggawa. In an kunna ta sai ta yi shiru tukuna, sannan ta fara wannan ɗan gunjin nata, hmmm, can ƙasa, wanda ke nufin ta shirya. In aka shafa zaren jita a hankali ta amsa a hankali, tas, babu ƙura a muryar. In aka doka da ƙarfi ta yi gurnani, garrr, har gilasan tagar da mai ita ya yanka da hannunsa su ɗauki rawa. Ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba, in yatsa ya kuskure sai ta faɗa wa duk gidan. Bakomai yakan dawo daga aiki da yamma, yatsunsa duk filasta, ya wanke hannu, ya zauna bakin gado da ita a gabansa. Sunan da ake kiransa da shi ba a banza ya same shi ba. Mutum ne da za a taka masa ƙafa ya ce ba komai, a fasa masa gilashin da ya gama yanka ya ce ba komai. A gaban Guntuwa kaɗai ake jin abin da ya wuni da shi a ciki. Matarsa ce ta fara gane haka, don ta lura sai ya kashe ta yake iya hira. Daga nan ta daina maganar babur, har ta ɗinka wa akwatin riga saboda ƙura.

Yanzu sai rashin lafiyar ƙarshe, wadda ba ta kai wuni ɗaya ba.

Bakomai yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya, wanda za a kira Yaya a wannan sanarwa saboda tarbiyya, ba don ya cancanta ba. Yaya shi ne mai shagon takalma na bakin titi. Tun suna yara, duk abin da Bakomai ya mallaka to na Yaya ne da ba a kai masa ba tukuna. Kekensa ya tafi ya dawo babu sarƙa. Agogonsa bai dawo ba sam. Ɗakin da ya fi iska, Yaya ne a ciki. Ba a taɓa jin kalmar aro a bakinsa ba, sai dai ka nemi abu ka rasa, ka gan shi a hannunsa, ya ce maka ai ga shi nan.

Ranar Talatar nan Yaya ya karya farashin tsofaffin takalma, yana son ƙara a ƙofar shago don jama'a su taru. Ya shiga ɗakin ƙanensa lokacin da mai ɗakin yake wurin aiki, matar ƙanen kuma ta fita, ya cire wa Guntuwa riga ya rungumo ta. Da ya kai ta shago ya dube ta sama da ƙasa, ya ce wannan 'yar sifikar ba za ta kai tsallaken titi ba. Ya aika a aro masa babbar sifika. Kafin ta iso, don kada a ɓata lokaci, ya sa hannu ya zare wayar 'yar sifikar, ya jona wayar salularsa, ya sa waƙa, ya kunna. Bai ji komai ba. Ina zai ji, ya cire mata baki? Sai ya murɗa maɓallin ƙara har ƙarshe. Shiru. Ya murɗa ɗayan shi ma har ƙarshe. Ya kai mata mari a gefe, ya ce kayan gargajiya kawai, ya koma wurin wata mata da ke gwada takalmi.

Haka aka bar ta a ƙasa, tsakanin kwalaye, tana ihu iya ƙarfinta babu wanda ya ji. Mai aski na shagon kusa ne ya fara jin ƙauri, ya leƙo ya ga hayaƙi siriri yana fita ta bayanta. Shi ne shaida, kuma duk wanda ya yi aski a makon nan ya ji labarin tun daga farko.

Yaya ya mayar da gawar ɗakin, ya cusa wayar sifika inda ya zaro ta, ya sa mata riga, ya gyara mata zama. Da yamma Bakomai ya dawo, ya wanke hannu, ya kunna, ya jira. Kwalaben suka yi ja kamar kullum, amma ko tari ba ta yi ba. Ya sunkuya ya shinshina, ya ji ƙauri da warin sabuwar roba. Da ya ɗaga ta sai ga 'yar takardar lambar takalmi manne a gindinta.

Washegari ya kai ta wurin tsohon. Tsohon ya buɗe bayanta, ya kai hanci, ya ɗora abin gwajinsa a nan da can, ya ajiye.

"An kunna ta babu sifika," ya ce. Ba tambaya yake yi ba.

"Za ta gyaru, Baba?"

Tsohon ya ɗaga hannayensa biyu, suna rawa kamar ganye. "Taransifomar ta ƙone. Da me zan naɗa wata? Ka je kasuwa ka sayo ta kamfani ka sa mata in kana so. Za ta yi ƙara, amma ba ita ba ce." Ya tsura masa ido yana jira. Bakomai ya buɗe baki ya rufe, don tun yana ƙarami an koya masa ba a kai sunan Yaya waje. Tsohon ya turo masa akwatin a hankali ya ce, "Na zaci kai mai ji ne." Ya juya ya ci gaba da wata rediyo, ko sallamarsa bai amsa ba.

Wannan maganar ce take cin Bakomai, fiye da babur, fiye da akwatin kanta. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa duban sa ya ga ya isa a ba shi amanar abu mai daraja, kuma mutumin yana can yana masa kallon sakarai a kan laifin da ba nasa ba. Ransa ya ɓaci, kuma yana so a san ya ɓaci.

A gida an yi abin da aka saba. Mama ta ce, "Haba, akwati ce fa. Yayanka ne, ka yi haƙuri." Yaya da farko ya ce wuta ce, ai kowa ya san halin wutar nan. Da ya ga mai aski ya gama da shi a unguwa, sai ya shigo tsakar gida da wata ƙatuwar sifikar roba mai fitilu kala-kala, irin wadda in an kunna ta wata mata take magana a ciki. Ya dire ta a gaban ƙanensa ya ce, "Ga wannan, ta ninka waccan ƙara, har rawa fitilunta suke yi. Shi kenan ko, Bakomai?" Duk gidan suka yi tsit suna jiran kalmar da aka saba ji, don a tashi a ci abinci. Matar Bakomai tana bakin ƙofa ta kafe mijinta da ido. Bai faɗa ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, abin da ya fito da shi kuwa shi ne wannan sanarwa.

Marigayiyar ta rasu ta bar jita, abokiyar zamanta, wadda ke jingine a kusurwa tana ɗan ƙis-ƙis da ba ya kaiwa ƙofar ɗaki. Ta bar 'yar sifikarta lafiya ƙalau, marainiyar da aka raba da uwa a lokacin da uwar ta fi bukatarta. Ta bar kwalabe uku da har yanzu suke yin ja ba su san an yi mutuwa ba, da rigar da aka ɗinka mata, da matar da ta ɗinka, wadda ta ce yanzu da wa mijinta zai riƙa magana. Ta kuma bar maƙwabcin bayan gida, wanda ya zo gaisuwa fuskarsa tana ƙyalli don ya huta da gurnaninta. An ga murmushinsa, an kuma yafe masa, don shi bai taɓa shiga ɗakin kowa ba.

Ana karɓar ta'aziyya a ɗakin mai rashin, da yamma bayan an tashi daga aiki. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce akwati ce, kada kuma a kawo shawarar inda ake sayar da sababbi. Masu niyyar cewa a yi haƙuri su riƙe abinsu, an yi shi shekaru da yawa, ya ƙare. Sifikar roba mai fitilu tana nan a tsakar gida inda aka dire ta, ba a gayyace ta ba, mai ita ya zo ya kwashe kayansa kafin ruwa ya sauko.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Gawar za ta tashi daga ɗakinta cikin rigarta, a rungume a ƙirjin mai ita, a ƙafa. Za a bi ta bakin titi a tsaya a ƙofar shagon takalma. Daga nan Yaya ne zai karɓe ta, da hannayen nan biyu da suka ɗauko ta, ya kai ta shagon ƙarƙashin bene, ya ajiye ta a gaban wanda ya haɗa ta, ya faɗa masa da bakinsa wanda ya zare wayar. Ba a neman diyya, ba a neman kuka. Bayan haka za a ɗora ta a kan kantar da aka fara ganinta, kowa ya kama gabansa.

In Yaya bai fito ba, za a ajiye gawar a bakin ƙofar shagon, daidai inda masu saye suke shiga, mai rashin ya zauna kusa da ita, ya amsa tambayar duk wanda ya tambaya. Mai aski ya ba da aron kujera. Bakomai ya ɗauki hutu a wurin aiki, bai kuma faɗa wa maigidansa ranar dawowa ba.